Kayan Kambo Gawo

Duk wanda ya san Mika'ilu mai agashe a tsohuwar Umdurman ya san ɗakin da ke ƙofar gidansa. Ba a kwana a ɗakin, ba a kuma cin abinci a cikinsa. A nan yake ajiye abin da ya rage na garinsu.

Kambo Gawo ake kiran garin, ɗaya daga cikin ƙananan ƙauyukan nan da ake ce wa kambo, waɗanda masu tsinkar auduga suka kakkafa a bakin magudanan ruwa na Jazira. Kakar Mika'ilu, wadda kowa yake ce wa Gogo, ita da mijinta ne suka fara kafa bukka a gindin gawon. Daga ƙasar Hausa suka taso da ƙafa za su Makka, guzuri ya ƙare musu a hanya, suka ce bari su yi aikin kaka ɗaya su wuce. A nan aka binne su duka biyun. Bayan shekaru auduga ta lalace, ruwa ya daina zuwa, mutane suka watse, mafi yawansu suka tare a Mayo, kudancin Khartum. Daga baya wani mai gona ya sa tarakta ta nome wurin kaf, har gawon ya sare. In ka je yau ba za ka ce an taɓa haihuwar wani a can ba.

Mika'ilu ne ya bi mutanen gida-gida yana roƙon abin da suka taho da shi. Ya samu turmin Gogo, mai tsaga a gefe, an ɗaure shi da waya. Ya samu gugan rijiyar garin, da guntun ƙarfen dogo da ake bugawa da asuba a tashi masu tsinka, da wata ƙwarya mai zane da ta sha ɗinki, da mazarai, da lauje. A wani akwatin ƙarfe akwai katunan aiki na mazan garin, da takardar hanya ta mijin Gogo mai hatimai barkatai. Abin da ya fi komai daraja shi ne babban hoton da wani mai hoto daga Madani ya ɗauka wata ranar Sallah: garin duka a gindin gawo, manya a kan tabarma, yara a gaba, Gogo a tsakiya ta tsufa tukuf tana hararar mai hoton. Kowace Sallah mutanen Kambo Gawo sukan hayo gada su cika ɗakin, kowa ya nuna wa jikokinsa uwarsa ko ubansa, a yi dariya, a yi kuka, Mika'ilu ya gasa musu nama.

Amna, 'yarsa ta fari, ita ke share ɗakin. Mace ce mai jiki, mai ƙarancin magana, tana sayar da shayi a bakin tashar mota tun da mijinta ya rasu. Tana da ƙane ɗaya, Hamuda, mai walda a Mantiƙa Sinaiya, unguwar masu aikin ƙarfe. Akwai kuma wanda ba ciki ɗaya suka fito ba amma kwano ɗaya suka ci, wato Abdulmun'im. Maraya ne daga kambo. Ubansa Adam ya mutu yana jariri, uwarsa ta bi bayansa, gwaggonsa Khadiga ta goya shi har ya yi wayo, sannan ta kawo shi wurin Mika'ilu ya koyi sana'a. Mika'ilu ya koya masa yankan nama siriri, da haɗin yaji da ƙuli, da yadda ake gane wutar da ta isa. Da ya girma ya kama kasuwancinsa ya yi arziki, ya auri 'yar wani attajiri mai suna Hajj Almahdi, ya koma Karari a arewacin gari. Tun daga lokacin Hausa ta yi wa bakinsa nauyi. Bikin ma ba a gayyaci kowa daga Mayo ba. Mika'ilu dai cewa yake yi, "Ku ƙyale shi. Ɗa ko ya yi nisa ɗa ne."

Da yaƙi ya ɓarke cikin azumi, unguwarsu ta zama hanyar harsashi. Amna ta tattara 'ya'yanta za su Shandi, ta durƙusa gaban tsohon tana roƙo.

"Baba, ka tashi mu tafi. Ga ciwon sukari, ga magani ya kusa ƙarewa."

"In tafi in bar wa wa garin?" in ji shi. "Sau ɗaya an nome shi ina kallo. Ranar da kayan nan suka fita, ranar zan fita."

Motar da suka samu ko mutane da ƙyar ta ɗauka. Haka ta tafi tana waiwaye. Daga Shandi ta yi ta neman Abdulmun'im a waya har ta same shi, domin shi yana da motar ɗaukar kaya, ɓangarensu kuma da sauƙi. Ya ce mata, "Yaya Amna, kwantar da hankalinki. Baba ai ubana ne." Bayan kwanaki ya kira ta da murya a raunane. Ya ce ya je ya tarar ɓarayi sun riga sun kwashe ɗakin, tsohon kuma ya yi rantsuwa ba zai motsa ba, har ya kore shi da sanda. Amna ta yi masa godiya, ta sa masa albarka. Ba a daɗe ba labari ya iso mata cewa Mika'ilu ya rasu, maƙwabta sun binne shi a tsakar gida domin babu mai iya kaiwa maƙabarta.

Sai da aka shekara biyu kafin ta sake taka Umdurman. Gidan ba ƙofa ba taga, ciyawa ta fito a kicin. A gindin bishiyar lemon da ke tsakar gida ta ga tudun ƙasa an kewaye shi da bulo. Tana zaune a wurin sai ga Layla, maƙwabciyarsu, wadda ta yi zaman yaƙin duka a unguwar saboda mijinta gurgu ne. Suka rungume juna suka yi kukansu. Da suka natsu Amna ta ce, "Ɓarayin da suka kwashe ɗakin, ba su dake shi ba ko?"

Layla ta saki baki. "Waɗanne ɓarayi?"

"Mun'im ya ce ya tarar an kwashe."

"Amna, ki tsaya. Ina leƙe ta katanga ranar. Mun'im ne ya zo da mota da ƙarti biyu. Baba da kansa yake nuna musu yadda za su ɗauki hoton kada gilashi ya fashe, yana ta murna, yana cewa Allah ya yi wa ɗan nan albarka. Da suka gama lodi akwai wuri a gaba, ina gani. Mun'im ya ce masa hanya ba kyau da tsoho yanzu, ya shirya, zai dawo ya ɗauke shi bayan la'asar. Baba ya sa farar jallabiyarsa, ya ƙulle magungunansa a leda, ya jawo gadon igiya bakin ƙofa ya zauna. Ko ƙarar mota ya ji sai ya miƙe. Ina kai masa ɗan abin da muka samu, ya ce in ajiye, a mota zai ci. Haka ya yi ta zama har maganin ya ƙare. Ranar da ƙafafunsa suka kumbura ya ce mini, 'Layla, ko dai an harbe yaron nan a hanya saboda ni?' Shi yake yi wa kuka, Amna. Da zanen gadona muka naɗe shi."

Amna ba ta yi ihu ba. Ta dubi tudun ƙasar. Ta tuna albarkar da ta sa wa mutumin a waya, ta tofar da yawu.

Neman Abdulmun'im bai yi wuya ba. Yaƙin da ya tsiyata mutane shi ya yi masa riga da wando. Ya buɗe babban gidan cin abinci a Karari, kowa yana maganarsa, wai an ƙawata shi da kayan gargajiya. Wata ranar da azahar Amna ta yafa tobinta, doguwar mayafin nan ta matan Sudan, ta rufe rabin fuska, ta hau raksha, keken haya mai ƙafa uku, ta je.

Tun daga ƙofa ƙamshin yajin ubanta ya tarye ta. Tana shiga ta yi tuntuɓe da turmin Gogo. An ajiye shi kusa da wurin wanke hannu, mutane suna jefa takardar goge baki a ciki. Gugan rijiya yana rataye an dasa fulawar roba a cikinsa. Katunan aikin mazan garin an manna su a ƙarƙashin gilashin tebura, ana ɗora musu kwanon miya. Babban hoton yana bango, an yi masa sabon katako mai ruwan zinariya. Ta samu kujera a lungu ta zauna.

Can sai ga shi ya fito, ya yi ƙiba, rawani fari tas, yana zagayawa da wasu baƙi. Ya tsaya gaban hoton yana magana da Larabci, yana nuni da carbi.

"Wannan gonar kakana ce a Jazira. Waɗannan kuwa Fallata ne, baƙi daga ƙasar Hausa, da suke yi mana tsinka. Bayin Allah, mutanen kirki ne in sun ƙoshi. Kakana ya riƙe su kamar 'ya'yansa. Kayan nan duk nasu ne, na adana don tarihi."

Bakin carbin yana kan wani dogon mutum a layin baya, wanda ya ɗaga jariri sama don ya fito a hoto. Adam ne. Amna ta san shi domin ubanta ya sha nuna mata.

Ta jira har baƙin suka zauna, sannan ta buɗe fuska. Da idonsa ya faɗa kanta sai da rawaninsa ya motsa. Ya yafito ta, ta bi shi bayan kicin inda hayaƙi ya turnuƙe. Sai a nan Hausarsa ta dawo, ƙasa-ƙasa.

"Yaya Amna, yaushe a gari? Wallahi ina ta shirin zuwa ta'aziyya."

"Ka ce mini ɓarayi sun kwashe."

"Ki fahimce ni. Da ban ɗauko su ba da tuni sun zama toka. Ni na cece su."

"Baba fa?"

"Hanya ta rufe."

"Ta rufe shekara biyu? Ta buɗe wa turmi ta rufe wa mutum?"

Ya kau da kai yana murza carbi. Ita ta gane abin da bai faɗa ba. Kaya ba sa magana. Tsoho kuwa da ya shiga gidan surukansa, da Hausa zai gaishe shi, da sunan ubansa zai kira shi.

"Abin da ya wuce ya wuce," in ji shi daga ƙarshe. "Ki faɗi abin da kike bukata in gyara muku gida."

"Kayan garinmu nake so, da kai a gaban kabarin Baba, ka faɗi abin da ka yi."

Nan take fuskarsa ta sauya. Ya matso kusa da ita. "Kin san zamanin da muke ciki? Yanzu in aka nuna mutum aka ce ɗan kambo ne, kuma an gan shi da waɗancan 'yan tawayen lokacin yaƙi, ba a tambayar shaida. Hamuda yana Mantiƙa, ko ba haka ba? Ki je gida, Hajja. Kada in sake ganinki a nan."

Ta dube shi tun daga rawani har takalmi, ta gyara tobinta ta fita. A hanya ko hawaye ba ta yi ba.

Da ta gaya wa Hamuda, sai ya zari wani guntun rodi daga cikin kayan aikinsa ya nufi ƙofa. Ta sha gabansa.

"Ajiye."

"Yaya, ki matsa. Yau sai na fasa kan ɗan iskan nan."

"Ka fasa kansa, a kama ka, a yi masa jinya, ya zama shi aka zalunta. In kai kaɗai ne yana iya sa a ɗauke ka. Gari guda fa? Ciwon rodi warkewa yake yi. Ni abin da ba ya warkewa nake nema masa."

"Mene ne shi?"

"Ka samo mini babbar mota da direba mai riƙe baki. Sauran nawa ne."

Washegari ta haye gada ta nufi Mayo. Unguwar ta sha wuya, rabin gidajen buhu da kwali ne, amma mutanen Kambo Gawo suna nan, waɗanda Allah ya bari. Ta bi su ɗaya bayan ɗaya kamar yadda ubanta ya taɓa yi. Ba ta yi wa kowa dogon bayani ba. Takan zauna a sha ruwa, ta faɗi abin da Layla ta gani, sannan ta ce, "Katin babanka yana ƙarƙashin kwanon miya a Karari." Ko ta ce, "Uwarki tana bango, an ce baiwar kakan Mun'im ce." Wasu suka ji tsoro, suka ce lokacin bai dace da tada ƙura ba. Ba ta matsa musu ba. Da yawa kuwa tun kafin ta rufe baki suke tambayar ranar.

Gidan Khadiga ta bari ƙarshe. Tsohuwar tana zaune a inuwar buhu tana tsince wake, ido ɗaya ya yi fari. Shekara da shekaru ɗan da ta goya bai leƙo ta ba, amma kullum cewa take yi aiki ne ya yi masa yawa. Amna ta san wannan, ta kuma san abin da za ta faɗa zai karya tsohuwar. Ta faɗa duk da haka, ba ta rage komai ba.

Khadiga ta bar tsintar waken. Sannan ta ce, "Adam ɗin ya nuna? Da hannunsa?"

"Da carbi, Gwaggo."

"Adam da ya mutu da zazzaɓin ruwan gona, yana cewa in kula masa da yaron." Ta ture faifan waken. "Ɗauko mini tobina mai ruwan ƙasa a cikin jaka. In wanke shi tun yau."

Amna ta riga ta binciko ranar. Wata Juma'a Abdulmun'im zai yi walimar buɗe sabon sashe, surukinsa Hajj Almahdi, wanda ginin nasa ne, zai zo da manyan 'yan kasuwa da limamin unguwa. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

Bayan an sauko daga masallaci motar ta tsaya a ƙofar gidan abincin. Tsofaffi suka fara saukowa a hankali, maza da fararen jallabiyoyi da suka sha wanki har suka yi shara-shara, mata da tobin Sallah, wasu da sanda, wasu jikoki na riƙe da su. Masu tsaron ƙofa suka ɗauka baƙin walima ne, suka ba su hanya. Amna ta ce kowa ya zauna a teburin da katin gidansu yake. Suka zazzauna shiru, hannuwa a kan gilashi.

Abdulmun'im yana can ciki da manyan baƙi bai san abin da ake ciki ba. Ya fito da su yana gaba, yana dariya, ya kai su gaban hoton ya ɗaga carbi. Ya kai ga "gonar kakana" ke nan sai ƙarfen dogon da ke rataye a bango ya yi ƙara. Hamuda ne ya buga shi da cokali, bugun asuba na kambo, uku a jere sannan ɗaya. Duk tsofaffin suka miƙe tsaye, kamar jikinsu ne ya tuna.

Khadiga ta taho tana dogara sanda, Amna na riƙe da gwiwar hannunta. Ta tsaya gabansa ta ɗaga kai ta kalle shi da idonta mai gani.

"Mun'imu," ta ce da Hausa, "ka yi ƙiba."

Ya juya wajen baƙinsa yana murmushin dole. "Ban san ta ba. Tsohuwa ce, ta ruɗe. Ku fitar da ita a hankali."

Ba wanda ya motsa. Tsohuwar ta juya harshe zuwa Larabci, irin na gonakin Jazira, da ƙarfi yadda kowa zai ji.

"Bai san ni ba. To ni na san shi. Wancan dogon na baya ƙanena ne Adam, uwa ɗaya uba ɗaya. Jaririn da ya ɗaga, ga shi nan tsaye da rawani. Wadda ke gefensu da tulu ni ce. A bayana ya yi kashi, a bayana ya yi ƙyanda. Akwai tabon wuta a cinyarsa ta hagu, inda ya faɗa murhu ina tuƙa tuwo. Wanda ya aura masa 'yarsa ya tambayi 'yar. Kakansa ba shi da gona ko ta shimfiɗa tabarma. Tsinka muke yi, kuma ba mu taɓa jin kunyarta ba."

Sai wani tsoho ya ɗaga murya daga teburinsa, ya faɗi sunan ubansa yana nuna katin da ke ƙarƙashin gilashi. Wata ta faɗi na mijinta. Haka suka yi ta yi, tebur bayan tebur, har sunayen suka cika wurin. Masu cin abinci suka ajiye cokula. Wasu samari suka ɗaga wayoyi suna ɗauka.

Amna ta bari sai da aka yi tsit, sannan ta jawo Layla gaba. "Faɗa musu abin da kika gani ta katanga." Layla ta faɗa, tun daga zuwan motar har zanen gadon. Da ta kai inda tsohon yake kuka kada a ce an harbe yaron saboda shi, limamin ya sunkuyar da kai yana salati.

"Ƙarya ne!" in ji Abdulmun'im. Gumi ya jiƙa wuyan jallabiyarsa. "Waɗannan mutanen Mayo ne, kowa ya san da wa suka yi hulɗa lokacin yaƙi. Zan kira a zo a kwashe su!"

"Kira," in ji Amna. "Ga mu nan. Ka fara nuna musu wadda ta goya ka."

Hajj Almahdi, dattijo mai farin gemu, ya ratso cikin mutane. Ya matsa kusa da hoton ya sa tabarau, ya daɗe yana duban dogon mutumin da jaririn, sannan ya dubi surukinsa.

"Ka ce mini iyayenka mutanen arewacin Sudan ne, sun mutu a haɗarin jirgin ruwa. Da ka gaya mini gaskiya tun farko, wataƙila in yi gardama, wataƙila in ba ka, Allah ne ya sani. Amma ka tsaya a gabana sau nawa kana nuna ubanka kana ce masa bara? Mutumin da ya bar wanda ya rene shi a bakin ƙofa, ni in na tsufa a ina zai bar ni?" Ya juya ga Amna. "'Yata, ku ɗauki kayanku."

Ba su yi gaggawa ba. Hamuda ya kwance gilasan tebura ɗaya bayan ɗaya, kowa ya ɗauki katin gidansu ya goge masa maiƙo da gefen riga. Aka zubar da fulawar roba. Amna da kanta ta kifar da turmin a tsakiyar wurin, dattin da ke ciki ya zube a kan takalman Abdulmun'im, ta ɗora shi a ka ta fita. Khadiga ce ta ƙarshe. Ya kama gefen tobinta yana cewa, "Gwaggo, Gwaggo," da Hausa, a gaban kowa. Ta fizge abinta ba ta waiwaya ba.

Kafin a yi sallar magariba hotunan abin sun zaga wayoyin Umdurman. Mutane suka daina zuwa cin naman. Hajj Almahdi ya karɓe gininsa, matar ta koma gidan ubanta da 'ya'yanta. A kasuwa in Abdulmun'im ya wuce sai wani ya ce, "Ina labarin gonar kaka?" a fashe da dariya.

Da hukuma ta fara kwashe gawarwakin da aka binne a gidaje ana mai da su maƙabarta, aka sa ranar tone Mika'ilu. Mutanen Kambo Gawo suka cika layin. Ana shirin ɗaukar makara sai ga Abdulmun'im, ba rawani, ya rame. Ya tsaya a bakin ƙofa ya aika a kira masa Amna. Ta fito ta tsaya daga nesa.

"Yaya Amna, na zo in sa kafaɗata a makarar. Ki yafe mini don Allah."

Wasu dattawa suka sa baki. Suka ce ya ga ishara, ya wulaƙanta iyakar wulaƙanta, Allah ma ana yi masa laifi ya yafe.

"Allah ya fi ni haƙuri," in ji ta. "Haƙƙin Baba, sai ka bari in kun haɗu ka roƙe shi, na san halinsa, yana iya yafe maka. Nawa kuwa ban yafe ba. Hamuda, in hannunsa ya taɓa makarar nan a sauke ta a sake wanka."

Aka wuce da gawar ta gabansa, ya manne da bango don a samu hanya. Bayan 'yan kwanaki aka ji ya tafi Bur Sudan, can bakin teku, yana gasa nama a bakin titi a wurin wani.

Amna ta sa wa ɗakin ƙofar gida sabuwar ƙofa ta ƙarfe, Hamuda ya ƙera ta. Ta ɗauko Khadiga daga Mayo ta dawo da ita gidan, domin tun ranar walimar tsohuwar ba ta sake lafiya ba, abinci ma sai an yi da gaske. Amna ta yi jinyarta kamar uwa, tana yi mata wanka, tana dama mata kunu. Wani lokaci cikin zafin zazzaɓi tsohuwar takan kira Mun'imu, ta ce a duba ko ya ci abinci. Amna takan ce, "Ya ci, Gwaggo," ta gyara mata matashi.

Da sanyin hunturu ya shigo Khadiga ta cika, da hantsi, kanta a cinyar Amna. Hamuda ya fito da waya ya tsaya yana juya ta a hannu.

"Yaya, ko a gaya masa? Ita ce uwar da ya sani. In ya kamo mota yau ya samu zaman makoki."

"Mai da wayarka aljihu."

"Mutane za su ce mun yi tsanani."

"Su ce."

Aka yi jana'iza, aka yi kwanakin zaman makoki, aka watse. Sai bayan wata guda wani direban babbar mota da ya tsaya sayen nama a Bur Sudan ya yi wa Abdulmun'im ta'aziyya, yana zaton ya sani. Direban ya ce mutumin ya zauna a ƙasa a gefen wutar, naman yana ƙonewa, bai tashi ba har mai wurin ya zo ya kwashe. Layla ce ta kawo wa Amna labarin a tasha, tana faɗa tana share ido. Amna ta saurara har ƙarshe, ta ɗauraye kofi, ta tambayi mutumin da ke zaune a kan benci ko da madara yake so.